Lantarki da Jijiya: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Amsa Saƙon da Ya Bi ta Fata

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, saboda wata ƙaramar na'ura da ta fara shiga hannun jama'a. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Da batir ta ke aiki, tana da waya biyu ko huɗu, a bakin kowace waya kuma akwai faci mai danƙo wanda a ke manna wa fata. In an kunna ta sai mutum ya ji kamar kiyashi na tafiya a wurin, sau da yawa kuma ciwon da ya dame shi ya lafa. Likitoci sun taƙaita sunanta da haruffa huɗu, TENS, ma'anarsa kuwa motsa jijiya da lantarki ta fata. Ana aiki da ita a asibiti, ana kuma sayar da irinta a kanti da kasuwa, wani lokaci har da alkawarin da ba ta iya cikawa.

Ranku ya daɗe, in abu ya shige wa talaka duhu ƙofarku ya ke nufa. Saboda haka ya kamata ku san abin da na'urar nan ke yi a jikin mutum, da inda amfaninta ya tsaya. Gindin maganar shi ne, ciwo labari ne da jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa. Lantarkin nan yana iya rage ƙarfin labarin, amma ba ya taɓa abin da ya jawo shi.

1. Minjirya da Likitocin Dā

Ba yau aka fara sa wa jikin mutum lantarki don magani ba. Duk masuncin da ke aiki a Kwara, ko Binuwai, ko Tafkin Cadi ya san minjirya, ya kuma san abin da ta kan yi wa hannun da ya taɓa ta. Abin da ke fizgar hannun nan lantarki ne wanda ta ke haɗawa a jikinta. A babbar minjirya ƙarfinsa ya kan wuce bolt 300, sai dai bugu ne na ɗan ƙanƙanin lokaci. Mutanen Masar na dā sun san ta a Kogin Nilu, har sun zana surarta a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Larabawa kuwa suka sa mata suna ra'ad, watau mai tsawa.

Wajen shekara ta 47 ta Miladiyya, wani likitan fadar Sarkin Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan hali, da ransa, har wurin ya sage. Mai ciwon gaɓar ƙafa kuma ya taka shi a bakin ruwa. Likitan nan ya ga magani yana ci, amma bai san dalili ba, kuma aka yi fiye da shekara 1,700 ba wanda ya sani.

Cikin 1791 wani malamin Italiya, Luigi Galvani, ya bayyana cewa in lantarki ya taɓa jijiyar ƙafar mataccen kwaɗo sai ƙafar ta motsa. A 1800 ɗan ƙasarsu Alessandro Volta ya ƙago batir. A 1850 kuma wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya sami wajen mita 27 a daƙiƙa ɗaya. Daga nan aka tabbata saƙon jijiya abu ne mai tafiya bisa hanya, wanda a ke iya aunawa, a ke kuma iya tarewa.

2. Mece ce Jijiya?

Hausa ta haɗa abu uku a suna ɗaya. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiya mai tauri wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara. Akwai kuma wata fara, mai laushi, wadda ba ta ɗaukar jini, sai saƙo. Duk inda aka ce jijiya a darasin nan, ta ukun a ke nufi.

Wannan jijiya kamar igiya ta ke, wadda aka tufka da zare dubbai. Kowane zare yana da inda ya faro a fata ko a tsoka, yana kuma da inda ya nufa a cikin laka, watau farin abin nan mai tsawo da ke kwance cikin ƙashin baya, wanda ya haɗe da ƙwaƙwalwa a ƙeya. Zaren da ya tashi daga babban yatsan ƙafa zuwa laka ya kan kai mita guda.

Ko da zare yana hutawa, akwai ɗan lantarki tsakanin cikinsa da bayansa, wajen kashi 70 cikin 1,000 na bolt ɗaya. In an taɓa bakinsa sai waɗansu ƙananan ƙofofi da ke jikinsa su buɗe, wani sinadari mai suna sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, ya kwarara ciki, sa'an nan wani mai suna fotasiyam ya fita waje. Wannan ya sa ƙofofin da ke gaba su ma su buɗe, haka har saƙo ya kai ƙarshen zare, kamar yadda wuta ke bin albarushin da aka zuba a layi. Turawan Ingila biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su suka warware wannan a 1952.

Akwai ƙa'ida biyu da ya wajaba a riƙe. Ta farko, kowane bugu da zare ya aika ƙarfinsa ɗaya ne da na ɗan'uwansa. Da yawan bugu a daƙiƙa ƙwaƙwalwa ke gane tsananin abu, kamar makaɗin da ba ya ƙara nauyin hannu sai dai ya ƙara sauri. Edgar Adrian ya nuna haka a Ingila cikin 1926.

Ta biyu, ƙwaƙwalwa tana karanta saƙo ne bisa hanyar da ya biyo. Kowa ya taɓa buge gwiwar hannunsa a jikin ƙyaure, ya ji zirr har ƙaramin yatsa, alhali ba abin da ya taɓa yatsan. Jijiyar da ta fito daga yatsan ce aka buge a tsakiyar hanya, ƙwaƙwalwa kuwa ta ɗauka daga yatsan labari ya fito. Shi ya sa wanda aka yanke wa ƙafa ya kan ji ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita. Haka lantarkin na'ura ke yi. Ya ratsa fata, ya tarar da jijiya a hanya, ya buɗe ƙofofin nan, jijiya kuma ta ɗauki saƙo ta kai kamar nata ne.

3. Manzanni Iri Uku

Zaren da ke cikin jijiya ba kauri ɗaya gare su ba. Amurkawa biyu, Joseph Erlanger da Herbert Gasser, su suka rarrabe su, aka ba su lambar Nobel saboda wannan aiki a 1944. Iri uku ne suka shafe mu.

Na farko mai kauri ne, an naɗe shi da wani kitse kamar yadda a ke naɗe waya da roba. Shi ke ɗaukar labarin taɓi da shafa da girgiza, gudunsa kuwa tsakanin mita 30 ne da 70 a daƙiƙa. Mita 50 a daƙiƙa daidai ya ke da kilomita 180 a sa'a. Wannan shi ne manzo mai doki.

Na biyu siriri ne mai ɗan naɗi kaɗan. Shi ke kai labarin zafi mai kaifi, irin na sukar ƙaya, gudunsa mita 5 zuwa 30.

Na uku ya fi duka sirantaka, ba shi da naɗi ko kaɗan. Shi ke kai labarin zugi da raɗaɗi, ba ya wuce mita 2 a daƙiƙa, wani ma rabin mita. Wannan shi ne manzo mai tafiya da ƙafa.

Wanda ya taɓa yin tuntuɓe ya san biyun nan na ƙarshe. Da fari ya ji zafi tsam, sa'an nan bayan kamar daƙiƙa guda zugi ya biyo baya. Rauni ɗaya ne, manzo biyu ne suka iso ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da dukan aikin na'urar nan ya dogara a kansa. In an sa lantarki daga bayan fata, zare mai kauri ne ke fara farkawa, domin ɗan kaɗan ya ishe shi. Sirara kuwa sai an ƙara ƙarfi ƙwarai. Saboda haka ana iya tayar da masu dawaki su kaɗai, a bar masu labarin zafi suna barci. Jin nan na tafiyar kiyashi, shi ne alamar cewa masu dawaki sun tashi.

4. Daga Fata zuwa Ƙwaƙwalwa

Labari ba ya tashi daga unguwa ya faɗa gaban sarki kai tsaye. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kawo wa hakimi, hakimi ya kai fada, a kowane mataki kuma ana iya ƙara masa nauyi ko a rage. Jiki ma haka tsarinsa ya ke. Saƙon taɓi ya kan shiga laka, ya hau ta bayanta har gindin ƙwaƙwalwa, ya ƙetare zuwa ɗaya gefen, ya isa wani zaure a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus, daga nan a miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa na sama. Saboda wannan ƙetarawa, abin da ya taɓa hannun dama gefen hagun ƙwaƙwalwa ne ke jinsa.

A ɓawon nan akwai wani yanki mai tsawo, daga tsakar kai zuwa wajen kunne, inda kowace gaɓa ke da nata fili. Wani likita a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Wilder Penfield, shi ya zana taswirarsa, ya buga ta a 1937. Yana yi wa masu farfaɗiya aiki ne suna a farke, gama ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin taɓi. In ya sa ɗan lantarki a wuri kaza sai majinyaci ya ce ya ji abu a leɓe, in ya matsa kaɗan ya ce a babban yatsa. Ya iske hannu da leɓe da harshe sun kwashe fili mai yawa, baya kuwa duk faɗinsa ɗan wuri ya samu. Watau ba a raba filin bisa girman gari ba, an raba shi bisa yawan wasiƙun da garin ke aikowa.

Ana iya ganin isowar saƙon daga waje, ba tare da an buɗe kai ba. A 1947 wani likita a Landan, George Dawson, ya sa wa jijiya bugun lantarki ta fata, ya manna waya a fatar kai, ya ga amsar ƙwaƙwalwa a kan ma'auni. Yanzu an san lokacin daidai. In an buga jijiyar wuyan hannu, amsa ta kan bayyana a ɗaya gefen kai bayan kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. In a idon sawu ne, sai ta ɗauki wajen ninki biyu na haka, domin hanya ta fi tsawo. Duka biyu sun riga ƙiftawar ido. Likitoci suna aiki da wannan awo sa'ad da su ke fiɗar ƙashin baya: in amsa ta yi jinkiri ko ta raunana, sun san laka ta shiga haɗari, sai su dakata.

Saƙon zafi kuwa ba ɗaki ɗaya ya ke shiga ba. Wani yanki ya faɗi inda abin ya ke, wani ya faɗi iyakar damuwar da ke cikinsa, wani ya tuno ko an taɓa ganin irinsa, wani ya auna ko akwai abin tsoro. Ciwon da mutum ke ji shi ne hukuncin da majalisar nan ta yanke.

5. Ƙofar da Ke Cikin Laka

Yaro in ya bugu, abin da uwa ke fara yi shi ne ta murza wurin. Kowa ya san yana rage zafi, amma sai a 1965 aka sami bayani mai gamsarwa. Masana biyu da suka yi aiki tare a Amurka, Ronald Melzack na Kanada da Patrick Wall na Ingila, suka ce akwai wuri kamar ƙofa a cikin laka, inda saƙon zafi ke miƙa wasiƙarsa ga wanda zai hau da ita. A bakin ƙofar nan akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin jijiya masu aikin dogari. Zare mai kauri, ban da saƙon da ya ke kaiwa sama, yana da reshe da ke shiga wurin dogaran nan. In masu dawaki suka yi ta shigowa, sai dogarai su tura ƙyaure, labarin zafin da ke wucewa ya ragu. Murzar da uwa ke yi, masu dawaki ta ke tayarwa. Bincike na baya ya gyara waɗansu sassan bayaninsu, amma gindinsa yana nan: ana tace saƙon zafi a laka tun bai kai ƙwaƙwalwa ba.

A 1967 Wall da wani likitan fiɗa mai suna William Sweet suka gwada maganar, da fari a jikinsu, sa'an nan a majinyata 8 masu tsananin ciwo da ya daɗe. Suka sa bugu 100 a daƙiƙa, suka ƙara ƙarfi har majinyaci ya ji girgiza a wurin ciwon. Muddin lantarki na aiki, ko an danna wurin ba ya zafi. Huɗu daga cikinsu kuma, bayan minti 2 kacal, suka yi fiye da rabin sa'a cikin sauƙi. Daga irin wannan gwaji aka ƙera na'urori masu batir a farkon shekarun 1970.

Wannan ita ce hanyar farko ta aiki da na'urar, wadda aka fi bi: bugu mai sauri, wajen 80 zuwa 100 a daƙiƙa, kowane bugu gajere ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Ana manna faci a kan wurin ciwon ko kewaye da shi, a ƙara ƙarfi har mutum ya ji shi sosai amma ba da zafi ba. Sauƙi ya kan zo da wuri, yawanci kuma ba ya daɗewa bayan an kashe na'ura.

6. Umurni Daga Sama

Ƙofar nan ba daga ƙasa kaɗai a ke tura ta ba. Manomi ya kan yanke da lauje yana tsakiyar aiki, bai sani ba sai ya ga jini. Ɗan dambe ba ya jin naushi sosai sai an tashi daga fage. Wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya rubuta a 1946 cewa da yawa daga cikin sojojin da ya duba a Yaƙin Duniya na Biyu, masu munanan raunuka, sun ce ba su bukatar allurar kashe zafi. Ashe ƙwaƙwalwa da kanta tana aika umurni ƙasa cewa a rufe ƙofa.

An gano inda umurnin ke fitowa. A 1969 David Reynolds ya sa lantarki a wani ɗan wuri can cikin gindin ƙwaƙwalwar ɓera, aka yi wa ɓeran fiɗa bai nuna alamar zafi ba. A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz, a birnin Aberdeen na Skotlan, suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana haɗa nata maganin kashe zafi, mai aiki irin na mofin. Ana kiran dangin wannan sinadari enkefalin da endofin.

Nan hanya ta biyu ta aiki da na'urar ta shigo: bugu a hankali, 2 zuwa 10 a daƙiƙa, da ƙarfin da zai sa tsoka ta riƙa motsi. Wannan ya kan tayar da wurin nan na gindin ƙwaƙwalwa, a saki maganin jiki, umurni ya gangara laka. Shaidar ita ce, a 1979 masana a ƙasar Suwidin suka ba majinyatan da ke samun sauƙi ta wannan hanya wani magani mai suna nalokson, wanda ke tare aikin mofin, sai ciwon ya komo wa da yawansu. Daga baya gwaji a kan ɓeraye a Jami'ar Iowa ta Amurka ya nuna bugu mai sauri ma yana taɓa wannan hanya ta sama, ta wata kafa dabam. Saboda haka lantarkin da aka sa a fata yana aiki a wuri biyu, a ƙofar laka da kuma a gindin ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa tana kuma sabawa. Wanda gidansa ke kusa da injin niƙa ya kan daina jin ƙararsa. Bayan 'yan mintoci da kunna na'ura jin kiyashin nan ya kan dushe, tilas a ɗan ƙara ƙarfi. A gwajin ɓeraye, in an yi ta ba da bugu iri ɗaya kullum, kwana huɗu ya isa amfaninsa ya ragu. Shi ya sa likitoci kan sauya saurin bugu da ƙarfinsa.

7. Abin da Gwaji Ya Nuna

Akwai wata wahala wajen gwada kowane maganin ciwo. Sa rai kaɗai yana iya buɗe rumbun maganin nan na jiki. An nuna haka a 1978 a Amurka, ga mutanen da aka cire wa haƙori: waɗanda suka sami sauƙi daga allurar da ba magani a cikinta, da aka ba su nalokson sai zafinsu ya ƙaru. Saboda haka in mutum ya ce na'ura ta yi masa amfani ba ƙarya ya ke yi ba, amma maganarsa ba ta isa hujja ba. Sai an gwada na'urar gaskiya da ta bogi a kan mutane da yawa.

An yi irin wannan gwaji. A wani da aka buga a 2020, mata 301 masu wata cuta mai sa ciwon jiki gaba ɗaya da gajiya aka kasa kashi uku. Bayan mako 4, cikin masu na'urar gaskiya 44 bisa 100 suka sami sauƙi mai kauri, masu ta bogi 22, waɗanda ba a ba kome ba 14. A 2022 aka tara sakamakon gwaji 381, aka ga ciwo ya fi raguwa da na'urar gaskiya, a lokacin da ta ke aiki da kuma jim kaɗan bayan haka. An kuma ga tana taimakon mata masu ciwon mara na al'ada. Amma ga ciwon baya hujja ba ta yi ƙarfi ba, har hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar magani ta ce a 2016 kada a ba da ita don wannan ciwo.

Taƙaice, tana rage wa waɗansu mutane waɗansu irin ciwo na ɗan lokaci, ba ta sa maye, illarta kuma kaɗan ce in an bi ƙa'ida. Ba ta warkar da ciwon sukari, ko hawan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko rashin haihuwa. Duk wanda ya faɗi haka, kuɗin jama'a ya ke nema.

8. Gargaɗi

Hausawa sun ce jiki magayi. Ciwo ɗan aike ne, kuma wanda ya ga kuturta ya san abin da ke samun jikin da ya rasa shi. Cutar tana lalata jijiya, mai ita ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, rauni ya bi rauni har yatsu su lalace. Hakimin da ya hana manzo shiga zaure bai kashe gobarar da manzon ya zo faɗa ba. Ciwon baya yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi, ciwon ciki yana iya zama na fiɗa. Sai likita ya san dalilin ciwo tukuna kafin a nemi rage shi. Ban da wannan, a kiyaye waɗannan:

(a) Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya yi aiki da ita.

(b) Mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya su nemi izinin likita tukuna.

(c) Mai juna biyu kada ta sa ta a ciki ko a mara, ko'ina ma sai da shawarar asibiti.

(d) Kada a manna faci a gaban wuya, gama akwai jijiyoyi a nan masu iya sa bugun zuciya da ƙarfin jini su faɗi. Kada a sa a ido, kada kuma a sa ɗaya a ƙirji ɗaya a baya.

(e) Kada a sa a kan gyambo, ko ƙuna, ko fatar da ta daina ji saboda kuturta ko ciwon sukari, domin jin mutum shi ne ma'aunin ƙarfin da ya dace.

(f) Kada a kunna ta ana tuƙi, ko ana barci, ko ana wanka. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare lantarki kamar busasshiya.

(g) Kada kowa ya kuskura ya haɗa tasa da wutar gida. Wutar gida bolt 230 ce mai gudu ba yankewa, in ta ratsa ƙirji tana iya birkita bugun zuciya mutum ya mutu nan take.

9. Abin da A Ke Bukata Daga Hakimai

Ana roƙon hakimai su bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke cikin darasin nan, malamai kuma su karanta musu sashe na 8 yadda ya ke. In wani ya zo neman shawara kan sayen na'urar, a tura shi asibiti, musamman sashen gashin ƙashi, inda za a duba shi a nuna masa yadda a ke aiki da ita in ta dace da shi. In mai talla ya sauka a kasuwa yana cewa tana warkar da kowace cuta, ko yana sa masu ciwon sukari da hawan jini su bar shan maganinsu, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi don Bita

1. Don me wanda ya buge gwiwar hannu ke jin abin a ƙaramin yatsa?
2. Wane irin zare ne lantarki ke fara tayarwa, mene ne kuma amfanin haka?
3. A waɗanne wurare biyu ne a ke rage ƙarfin saƙon zafi?
4. Don me shaidar mutum ɗaya ba ta isa hujja a kan maganin ciwo ba?
5. Su wane ne bai kamata su yi aiki da na'urar ba?